Kiɗa a kunne idan wa'adin aiki ya ƙure: taimako ne ko ja baya?

Sakataren_Zaure:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙarshen wata ya gabato, masu haɗa albashi da masu rubuta rahoto da ɗaliban da za su miƙa kundin bincike duk kansu ya ɗau zafi. Duk ofishin da ka leƙa sai ka ga rabin mutanen sun toshe kunne da iyafis, kowa na cewa sai da kiɗa hankalinsa ke taruwa wuri guda. Wasu kuma sun ce ruɗin kai ne, aikin ke lalacewa mai shi bai ankara ba. Tambayata ga masana: idan saura awa shida a miƙa aiki, kiɗa na taimako ko ja baya yake yi? Wane iri, da wane ƙarfi, kuma a wane mataki na aikin?

Malamar_Saikoloji:
Wa alaikumus salam. Kafin a tambayi wane kiɗa, a fara tambayar wane aiki. Ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan ma'aji da take riƙe kalmomi da lambobi na 'yan daƙiƙu kafin a yi amfani da su, Baddeley da Hitch ne suka fayyace shi a 1974. Shi ke aiki idan ka dubi lambar asusun banki mai lamba 10 kana maimaita ta a zuci kafin ka rubuta, ko kana juya jimla a kai kafin ka buga ta. Matsalar ita ce duk maganar da kunne ya ji tana faɗawa ma'ajin nan kai tsaye, ko ka so ko ba ka so ba. Salamé da Baddeley sun gwada haka a 1989, suka sa mutane riƙe jerin lambobi, aka samu waƙa mai baiti ta fi kiɗa zalla rikita su. Perham da Currie kuma a 2014 fahimtar karatu suka auna, nan ma masu jin waƙa mai baiti ne suka zo baya, ko waƙar da suke so ce ko wadda ba sa so.

Saboda haka idan rubutu ne, ko fassara, ko karatu, ko lissafin da ake riƙe lambobi a kai, a cire duk abin da ke da murya. Aikin da hannu ya riga ya saba kuwa, irin jera takardu, zane ko daidaita shafi, waƙa ba ta cika cutar da shi ba, wani lokacin ma ita ke hana gundura.

Akanta_Kano:
Haka yake Malama. Aikin ƙarshen wata kashi biyu ne. Shigar da rasit ɗaya bayan ɗaya, ana iya yi da kiɗa mara murya ƙasa-ƙasa. Daidaita littafin kuɗi da takardar banki kuwa shiru yake so. Kuskuren da ya fi faɗowa a nan shi ne juya lamba, a rubuta 54 a madadin 45. Alamarsa: bambancin da ya hana lissafi daidaituwa yana rabuwa da 9 ba saura. Duk wanda yake yawan ganin irin wannan bambancin a aikinsa, ya fara cire iyafis kafin ya zargi kwamfuta.

Dan_Kodin:
Ban yarda a yanke hukunci da gwajin riƙe jerin lambobi ba. Babu wanda aikinsa shi ne zama yana haddace lamba tara a ɗakin gwaji. Teresa Lesiuk ta bi masu rubuta manhaja 56 a kamfanonin Kanada, a wurin aikinsu na gaske, ta wallafa a 2005. A makon da aka hana su kiɗa ne ingancin aiki ya fi sauka, kuma suka fi daɗewa a kansa. Wanda wa'adi ya matsa masa, babban abokin gabansa fargaba ce da kasa farawa, ba baiti ba. Idan waƙa za ta zaunar da shi a kujera ya buɗe fayil, ta biya kuɗinta.

Malamar_Saikoloji:
@Dan_Kodin, binciken gaskiya ne, amma ka lura da dalilin da ita kanta ta bayar: kiɗan ya gyara musu yanayin rai ne, kuma mutane ne da suka saba aiki da shi aka raba su da shi. Ana iya samun wannan amfanin ba tare da an biya da kuskure ba. A ji waƙar da ake so minti 10 kafin a fara, a kashe ta da an shiga jimla ta farko.

Dan_Kodin:
A rubutun manhaja ma akwai matakai. Rubuta abin da ka riga ka san tsarinsa, kiɗa na tafiya da shi. Farautar kuskure, inda kake riƙe da ƙimar abu huɗu ko biyar a kai kana bin su layi-layi, nan kam na yarda a kashe. Amma sharaɗina uku ne: kiɗan ya zama wanda ka ji har ka gaji da shi, kada ya kasance mai tashi da faɗuwa, kuma kada ka taɓa wayar. Sabuwar waƙa tana jan hankali ne don ƙwaƙwalwa na son sanin abin da zai biyo baya. Tsohuwa ba ta da abin mamaki.

Ummu_Amir:
Don Allah Malama, idan waƙar da harshen da mutum ba ya ji ce fa, kamar ta Indiya? Ai ba kalmar da za ta shiga.

Malamar_Saikoloji:
'Yar'uwa, amsar biyu ce. Wajen riƙe lambobi a jere, rashin jin harshen ba ya ceto. Colle da Welsh a 1976 sun kunna wa mutanen da ba sa jin Jamusanci magana da Jamusanci, duk da haka ta rage musu riƙon jeri. Daga baya Jones da Macken a 1993 suka nuna cewa abin da ke ɓarnar shi ne sautin da ke sauyawa daga gaɓa zuwa gaɓa, ko da ba magana ba ce. Wajen fahimtar karatu kuwa, harshen da kike ji ya fi ɓarna, domin ma'anarsa na karo da ma'anar abin da kike karantawa. Ke nan mai rubuta rahoto da Hausa ko Ingilishi, waƙar Indiya ta fi ta Hausa sauƙi a kansa, amma mai lissafi duka biyun su cutar da shi. Kuma wanda ya haddace waƙar har yana bin ta a baki, ko bai san ma'anarta ba, ya riga ya ba ta ma'ajin.

Telan_Sallah:
Ku taho shagon tela a goman ƙarshe na azumi ku ga wa'adi. Ga ƙa'idar da ta dace: awo da zana alli da yanka, a kashe rediyo. Inci guda aka ɓata a yankan shadda ba ya dawowa. Doguwar haɗa gefe, kalmasa, sa maɓalli, guga, a saki kiɗa, shi ke riƙe yara har asuba. Amma a sifika, ba a kunne ba. Tela da kunne yake gane zaren ƙasa ya ƙare, ko allura ta fara bugun ƙarfe, ko bel ya saki. Wanda ya toshe kunne biyu zai iya tafiyar rabin yadi keke na huda ba ya ɗinki.

Baban_Khalid:
Maganar tela ta tuna mini cewa abin ba sabo ba ne a wurinmu. Gayya da gangar noma ake yin ta, mata na da waƙar daka da ta niƙa da ta daɓe, lugude ma kansa kiɗa ne. Dukkansu aikin jiki ne mai maimaituwa, kiɗan na daidaita bugun hannu ne da na abokin aiki. A Birtaniya ma BBC ta fara shirin kiɗa na musamman don ma'aikatan masana'antu a watan Yunin 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, kowane zango rabin awa, ba duk yini ba. Ba a taɓa jin an kira makaɗi ya zauna gefen malami mai rubuta allo ko alƙali mai nazarin shari'a ba. Magabata sun raba aikin tun kafin a auna shi.

Injiniyan_Sauti:
Abin da ba a taɓo ba shi ne yawancin masu sa iyafis ba kiɗan suke nema ba, hirar ofis da ƙarar janareta suke gudu. Kowanne da maganinsa.

Hedifon mai kashe hayaniya yana da ƙananan makirfo da ke ɗaukar sautin waje, ya samar da kishiyarsa su kashe juna. Yana aiki sosai a kan sauti mai kauri da ba ya sauyawa, ƙasa da kusan hez 1,000 (hez ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne): gurnanin janareta, na'urar sanyaya ɗaki, injin mota. Muryar mutum kuwa, ɓangaren da ke sa a gane kalma yana sama da haka, kuma yana sauyawa kowace daƙiƙa. Shi ya sa wani zai sayi mai tsada, janareta ya ɓace, hirar maƙwabcin tebur ta ƙara fitowa fes.

Maganin hira shi ne toshewa da rufewa. Na farko, robar iyafis ta dace da ramin kunne. Yawanci uku ke zuwa a kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba, kuma ba dole kunnuwa biyu su ɗauki girma ɗaya ba. Gwajin: idan ka sa ba ka kunna komai ba, ya kamata ka ji muryarka ta yi kauri, sautin waje ya ja baya. Idan kiɗa ya rasa kaurinsa, iska na shiga. Na biyu, a ɗora sauti mara sauyawa a kai, irin na ruwan sama mai ƙarfi ko fanka ko shuuu na rediyon da bai kama tasha ba. A ɗaga shi a hankali har kalmomin hirar su daina rabuwa, sai a tsaya nan. Ba sai muryar ta ɓace gaba ɗaya ba, daina fahimtarta ake nema. Wanda ba shi da kuɗin hedifon, soson toshe kunne na masu aikin masana'anta ya isa: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 ya kumbura a ciki.

Likitar_Kunne:
Injiniya ya kawo mu inda nake jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako ba tare da kunne ya cutu ba, yaro kuma desibel 75. Ma'aunin wuraren aiki na hukumar NIOSH ta Amurka shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15 kacal. Waya da iyafis da yawa suna kaiwa 100 idan aka ƙure su. Haɗarin daren wa'adi shi ne doguwar zama, ga kuma ƙara murya kaɗan-kaɗan don kunne ya saba.

Abin yi: a saita ƙarfin a wuri mai shiru, kada ya wuce kashi 60 cikin 100, kada a ƙara bayan an shiga hayaniya. A iPhone akwai wurin da ake sa iyaka da desibel a saitin sauti, a sa 75 ko 80. Wayoyin Android da dama suna gargaɗi idan an haura iyaka, kada a danna a wuce. Idan wanda ke tsaye nisan hannu sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ya yi yawa. Idan ka cire kana jin tsiwa a kunne ko sauti ya dusashe, kunnen ya wahala, kuma ƙwayoyin gashin cikinsa idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Sannan a lokacin zafi, roba a kunne awa shida tana tara gumi, tana tura dattin kunne ciki, tana jawo ƙaiƙayi da kumburin ramin kunne. A cire duk bayan awa guda, a goge robar, kada a yi aro.

Abu_Maryam:
Jama'a ba kowa ke jin kiɗa ba. Da yawanmu karatun Alƙur'ani muke sawa. Yaya wannan yake?

Almajirin_Malam:
Malam Abu Maryam, aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da a saurara a yi shiru idan ana karanta Alƙur'ani. Malamai sun yi magana a kan faɗin hukuncin, da yawa sun ce a kan salla da huɗuba ta sauka, amma ladabi dai shi ne kada a mai da shi abin cike shiru alhali hankali na kan wani abu. Ga kuma bayanin Malama a sama: magana ce, kuma wadda ka haddace, dole zuciya ta bi ta. Ko dai aikin ya samu rabin hankali ko karatun ya samu. Ya fi kyau a sa shi kafin a fara, ko a hutu, a saurara da kyau ko na minti biyar ne, natsuwar ta bi mutum zuwa teburin. Lokacin aikin kuma sautin ruwan sama da Injiniya ya faɗa ba shi da wata matsala ga kowa.

Sakataren_Zaure:
Allah ya saka da alheri. Hukuncin kiɗa a addini a bar shi ga zauren malamai, mu tsaya a kan aikin.

Sabon_Dalibi:
An ce kiɗan Mozart, shahararren makaɗin Turai na da, yana ƙara ƙwaƙwalwa, shi ya kamata a sa.

Malamar_Saikoloji:
Ƙanina, an faɗaɗa maganar ne. Rauscher da Shaw da Ky suka wallafa a mujallar Nature a 1993. Ɗaliban jami'a 36 ne, suka ji kiɗan minti 10 kafin gwaji, ba lokacin gwaji ba. Gwajin na juya siffofi a kai ne, kuma ƙarin ya gushe cikin minti 10 zuwa 15. A 2001 Thompson da Schellenberg da Husain suka nuna farkawa da jin daɗi ne suka kawo shi, ba wani sirri a kiɗan ba. A wani binciken na 2012, Thompson da abokan aikinsa sun samu kiɗa zalla ma, idan ya haɗa sauri da ƙarfi, yana rage fahimtar karatu. Garaya ko gurmi a hankali ba murya zai yi maka abin da kiɗan Turai zai yi.

Mai_Gyaran_Waya:
Ɓarnar da ta fi yawa ba daga kiɗan take zuwa ba, daga wayar ce. An ɗauko ta a sauya waƙa, sai ga saƙon WhatsApp, an tafi. A sauke jerin waƙoƙin tun da rana, a sa wayar a yanayin jirgin sama, a kife ta inda hannu ba ya kaiwa. Wannan ya kashe talla ma, wadda magana ce kuma takan fi kiɗan ƙarfi. Lissafin data ga mai son sani: sauti mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 58 a awa, mai 320 kuma 144. Awa shida a na farko kusan 350 ke nan. Bidiyon YouTube ya ninka haka sau da yawa, ga cin caji don fuskar wayar na kunne. A kashe zaɓin da ke kawo waƙoƙin da ba ka zaɓa ba idan jerinka ya ƙare, a kunna wanda ke daidaita ƙarfin waƙoƙi don kada wata ta fashe maka a kunne. Idan babu tabbacin wuta, iyafis mai waya ya fi, ƙananan na Bluetooth yawanci awa huɗu zuwa shida suke yi su mutu, daidai lokacin da aka fi bukatarsu.

Editan_Dare:
Mu koma kan awa shida da Sakatare ya tambaya. Ga tsarin da zan ba mai rubutu. Minti 10 na farko, waƙar da ke tayar maka da jini, kana jera takardu kana rubuta kanun abin da za ka yi. Daga nan zubin farko: kiɗa zalla mai tafiya ɗaya, ko ruwan sama, ƙasa-ƙasa. Ka haɗa jerin ya kai tsawon zangon aikinka, idan ya yi shiru ka san hutu ya yi, ba sai ka duba agogon waya ba. Francesco Cirillo, mai tsarin raba aiki zango-zango da ake kira Pomodoro, minti 25 ya tsara da hutun 5, amma ga rubutu ya yi gajere, mutum na fara zafi ne sai a tsayar da shi. Minti 50 da hutun 10 ya fi. A hutun a cire komai daga kunne, a tashi tsaye. Daidaita shafi, lambar shafuka, jera hotuna, a mayar da waƙa mai baiti idan ana so. Awa ta ƙarshe ta gyara ce, shiru ɗungurungum, kuma a karanta da baki. Kalmar da aka tsallake da wadda aka maimaita, kunne ke kama su kafin ido.

Dan_Kodin:
Shirun awa ta ƙarshe da ƙarfe uku na dare barci zai kawo, Edita.

Likitar_Kunne:
Kiɗa ba ya maganin barci. Reyner da Horne a Jami'ar Loughborough sun gwada rediyo da iska mai sanyi a kan direbobi masu jin barci a 1998, tasirin ɗan kaɗan ne kuma bai daɗe ba. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya yi ta ƙara murya yana neman farkawa, ya tashi da kunne mai tsiwa da aiki mai kuskure. A sha shayi ko kofi, a kwanta minti 15 zuwa 20 da ƙararrawa, kafin a tashi ya fara aiki a jiki. A tuna rabin sinadarin hana barci da ke cikin shayin ko kofin yana nan a jini bayan kusan awa biyar, wanda zai kwanta da asuba ya yi lissafi.

Hajiyar_Ofis:
Ni abin da nake roƙo shi ne a daina kunna sifika a ofishin da ake zaune da yawa, don abin da ya yi wa wani daidai yana hana wani. Furnham da Bradley a 1997 sun samu masu kawaici da son kaɗaici sun fi cutuwa da waƙa a bayan fage fiye da masu son hayaniyar jama'a. Ko sautin shuuu ɗin ma ba kowa ya dace da shi ba. Nazarin da Joel Nigg da abokan aikinsa suka tattara a 2024 ya nuna yana ɗan taimakon yara da matasa masu larurar rashin tsayuwar hankali, amma yana ɗan rage ƙoƙarin waɗanda ba su da ita. Idan ɗakin shiru yake, babu abin da ake rufewa, a bar kunne haka.

Akanta_Kano:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma jin daɗi ba ma'auni ba ne. Mai son ya san nasa ya gwada a ranar da ba wa'adi: aiki iri ɗaya kashi biyu, minti 30 kowanne, ɗaya da kiɗa ɗaya shiru, washegari ya juya wanda ya fara da shi don kada gajiya ta shiga lissafin. Ya ƙirga abu biyu, yawan abin da ya gama da yawan kuskure, kuma wani ne zai duba masa kuskuren. Daren miƙa aiki ba daren gwada sabon jeri ko sabon hedifon ba ne.

Ummu_Amir:
Mai yara a gida ba za ta iya toshe kunne biyu ba. Sa ɗaya a bar ɗaya fa?

Injiniyan_Sauti:
Yana yiwuwa Ummu Amir, amma akwai tarko. Sauti a kunne ɗaya yana jin kamar ya fi rauni, ga hayaniya na shiga ta ɗayan, sai a yi ta ƙarawa har ya haura iyakar da Dakta ta faɗa. Ki saita ƙarfin da kunne biyu tukuna, sannan ki cire ɗaya, kada ki ƙara. Ki kunna zaɓin haɗa sautin hagu da dama wuri guda a saitin wayar, in ba haka ba rabin kayan kiɗan zai ɓace. Ki riƙa sauya kunnen duk zango. Idan ɗakin naki ne ke kaɗai, ƙaramar sifika a nisan mita ɗaya ko biyu ta fi, kina jin kukan yaro kuma kunne na shan iska.

Telan_Sallah:
Sifikar dai a ɗora ta a kan kanta, ba a teburin keke ba. Girgizar keke na sa ta kaɗawa, sai yaro ya ƙara murya.